Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Asibitoci Kan Yaran Da Ke Haki A Gadajenku

Zuwa ga shugabannin asibitoci, da hukumomin da ke ware musu kuɗin aiki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranku ya daɗe.

Na rubuto muku ne a kan yaran da ke cika ɗakin kwantar da yara duk lokacin da mura ta zagayo, musamman jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya da ake kawowa suna haki, ƙirjinsu yana loɓawa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ɗakin yara ne wurin aikina. Na zaɓi in yi magana a bainar jama'a ne saboda matsalar ba ta asibiti ɗaya ba ce, kuma mafi yawanta ta fi ƙarfin likita ko nas. Ku ne kuke sa hannu a kan abin da za a saya, ku ne kuke yanke yawan gadaje da yawan ma'aikatan da za su kwana aiki. Gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba.

Maganata guda ce. Mafi yawan waɗannan yara ƙwayar bairos ce ta kwantar da su, ita kuwa ba ta jin antibayotik. Abin da ke ƙetarar da su, da ikon Allah, shi ne iskar oksijin, da nono ko ruwa ya shiga jikinsu, da idon da ba ya barin kansu dare da rana, da kuma kada ɗakin da aka kwantar da su ya ƙara musu wata cutar a kan wadda suka zo da ita. Waɗannan abubuwa huɗu su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi idan an zo rabon kuɗi.

Hujjata ita ce wani babban bincike da ake kira PERCH, wanda aka gudanar tsakanin 2011 da 2014 a ƙasashe bakwai: Bangladesh, Gambiya, Kenya, Mali, Afirka ta Kudu, Tailan da Zambiya. An bibiyi yaran da aka kwantar saboda nimoniya, wato ciwon huhu, mai tsanani, aka nemi sanadin ciwon nasu da dukkan na'urorin da ake da su. Sakamakon da ya fito a mujallar Lancet a 2019 ya nuna cewa a cikin yaran da ba su da cutar HIV, waɗanda hoton ƙirji ya tabbatar da ciwonsu, kusan kashi 61 cikin 100 bairos ne sanadi. Bakteriya, wadda muka saba ɗora wa laifin komai, kashi 27 ta ɗauka. Ƙwayar bairos ɗaya tak, mai suna RSV, ita kaɗai ta kwashe kusan kashi 31, wato ta fi dukkan nau'o'in bakteriya a haɗe, in ban da ta tarin fuka.

RSV ba baƙuwa ba ce. An fara gano ta a 1956 a jikin wasu birai masu mura, shekara guda bayan haka aka same ta a jikin yara a birnin Baltimore na Amurka. Kusan kowane yaro yana kamuwa da ita kafin ya cika shekara biyu, kuma ga babba, mura ce kawai ta 'yan kwanaki. Amma ƙiyasin da aka yi na shekarar 2019 ya nuna ta saukar wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar ciwo a huhu har sau miliyan 33 a duniya, ta kwantar da miliyan 3.6 a asibiti, ta yi ajalin sama da 100,000. Fiye da kashi 97 cikin 100 na waɗanda suka rasu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke, kuma kusan rabinsu ba su wuce wata shida da haihuwa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai a cikin wannan lissafi shi ne kusan uku cikin huɗu na waɗannan yara a wajen asibiti suka cika. Wato duk jaririn da ya iso gadonku da rai ya riga ya tsallake siraɗi ɗaya. Iyayensa sun yi nasu ƙoƙarin, sauran aiki kuma yana wuyanmu, ni da ku.

RSV ba ita kaɗai ba ce a fagen. Akwai ƙwayar infuluwenza, da rainobairos mai kawo murar yau da kullum wadda kuma ke tayar wa wasu yara da asma, da farainfuluwenza mai kumbura maƙogwaro har yaro ya riƙa tari mai kaushi da dare, da adinobairos mai zafin zazzaɓi, da metanimobairos da ba a gano ba sai 2001 a ƙasar Holan. Ba abin mamaki ba ne a gwada yaro ɗaya a sami biyu daga cikinsu a tare.

Ina so ku ga abin da idona yake gani, tun da yawancinku daga ofis kuke ganin wannan ciwo, a matsayin lamba a rahoton ƙarshen wata. Ƙananan hanyoyin iska na huhun jariri ba su fi tsinken tsintsiya kauri ba, wasu ma ba su kai ba. Idan ƙwayar ta sauka can, bangon hanyar ya kumbura, majina da matattun ƙwayoyin jiki su toshe ɗan ramin da ya rage. Jariri kuma ta hanci ya saba numfashi. Sai ka ga uwa ta sa shi a nono, ya kama da sauri saboda yunwa, ya tsotsa sau biyu ko uku, ya saki yana neman iska, ya sake kamawa, ya sake saki, har ya gaji ya bari. Hancinsa yana buɗewa yana rufewa, kansa yana gyaɗawa da kowane numfashi, fatar ƙasan haƙarƙarinsa tana shigewa ciki. Uwar takan ce, "Sista, ga shi ya yi shiru, ko ya samu barci ne?" Wannan shirun shi ne abin da muka fi tsoro, domin sau da yawa gajiya ce. Jariri ɗan 'yan makonni, balle bakwaini, yana iya ɗauke numfashi ɗungurungum na wasu daƙiƙoƙi ba tare da ya yi wani dogon tari ba. Ciwon kuma yakan fi tsananta ne tsakanin kwana na uku da na biyar, don haka yaron da aka gani da sauƙi-sauƙi ranar da ya zo yana iya rikicewa jibi da tsakar dare.

Ana yawan cewa wannan ciwo na bakwaini ne da masu ciwon zuciya da masu tamowa. Gaskiya ne haɗarin ya fi yawa a kansu. Amma mafi yawan jariran da RSV ke kwantarwa lafiyayyu ne, an haife su a kan lokaci, ba su da wata larura kafin wannan.

To me ke cetonsu? Na farko oksijin, kuma a nan zan daɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa wa yaro oksijin idan awon iskar jininsa ya yi ƙasa da kashi 90. Ba a gane wannan da ido. Kafin leɓen yaro ya sauya kala an yi nisa, kuma a baƙar fata ma sauyin yana da wuyar gani. Sai da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa ko a ƙafa, kuma dole ta zama mai bakin da aka yi don jarirai. Na manya ba ya zama a ƙafar ɗan wata biyu. Sai lambar ta yi ta tsalle, nas ta gaji ta ajiye. Nakan ga an sayi na'urar mai kyau, amma da wayar bakin ta tsinke shi ke nan, domin ba a sa kuɗin canjinta a kasafi ba. Haka injin tace oksijin: yana bukatar wuta wadda ba ta yankewa, da wanke matacinsa, da mai gyara da za a iya kira. Haka tukunyar oksijin da ba ta da kan awo, ko wadda ta ƙare ƙarfe biyun dare ana jiran mai riƙe da makullin sito ya zo da safe. Jariri lita 1 zuwa 2 kawai yake bukata a minti ɗaya, ta ɗan siririn tiyo a hanci. Bukatarsa kaɗan ce, amma ba ta jure yankewa. A Papuwa Niu Gini an gwada samar da injinan oksijin da na'urorin awo da horar da ma'aikata a wasu asibitoci, sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna haɗarin mutuwar yara masu nimoniya ya ragu da kashi 35 cikin 100. Babu wani sabon magani da aka ƙara. A watan Mayun 2023 ma babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙuduri a kan samar da oksijin a asibitoci. Ƙudurin yana kan takarda. Ku ne za ku kai shi bakin gado.

Wani abu kuma da nake roƙon ku lura da shi kafin ku karɓi kyautar na'urori ko ku saya. Akwai na'urar CPAP mai hura wa yaro iska da ɗan ƙarfi don huhunsa ya zauna a buɗe. A wani gwaji a Bangladesh, wanda aka buga a 2015, ta rage mace-mace. A wani gwajin kuma a wani asibitin gunduma a Malawi, wanda aka buga a 2019, inda babu likita a kan yaran kullum, waɗanda aka sa wa ita sun fi mutuwa. Na'ura iri ɗaya ce, amma a wurin da ba ta samu isasshen mai lura ba sai ta zama haɗari. Nas ɗaya a kan gadaje masu yawa da dare ba za ta iya ƙirga numfashin kowa ba, ga zuƙe majina, ga ba da madara ta tiyon ciki, ga rubutu. Idan za ku zaɓa tsakanin sabuwar na'ura da ƙarin nas a aikin dare, don Allah ku fara da nas.

Batun antibayotik kuma, kada a yi mini mummunar fahimta. Ban ce a hana yaro mai nimoniya mai tsanani allura ba. Bairos da bakteriya sukan haɗu a ƙirji ɗaya, kuma inda babu gwaji, ƙa'ida ta ce a fara maganin kada a jira. Kukana shi ne yadda allurar ta zama ita ce jinyar gaba ɗaya. An rubuta, an sa wa yaro, hankalin kowa ya kwanta, alhali iskar jininsa tana 86 kuma rabonsa da tsotso tun safe. Sannan ba a komawa bayan kwana biyu a tambaya ko har yanzu akwai bukata, sai ma a hau zuwa mai ƙarfi idan ba a ga sauƙi ba, ciwon kuwa nasa lokacin yake ci. Kowane irin wannan yana koya wa bakteriyar da ke zaune a ɗakinku yadda za ta bijire wa magani, kuma a 2019 bijirewar nan ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 1.27 kai tsaye a duniya. Haka maganin buɗe ƙirji na masu asma da magungunan sitiroyid masu rage kumburi: ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce tun 2014 kada a riƙa ba da su ga jariri mai wannan toshewar ƙananan hanyoyin iska, domin ba sa rage kwanakin jinya. Sitiroyid yana da amfaninsa ga yaro mai kumburin maƙogwaro, kamar yadda infuluwenza take da nata maganin, oseltamivir, wanda ya fi aiki idan an fara da wuri. Shi ya sa ɗan gwajin gaggawa na majinar hanci yake da daraja: yana faɗa wa likita abin da zai bayar da abin da zai bari, yana kuma faɗa wa nas gadon da za ta kwantar da yaron. A sa wa kowane ɗakin yara rubutacciyar ƙa'ida a kan wannan, a kuma riƙa duba ko ana bin ta.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai, wanda kuma ba a cika son jinsa a taron shugabanni ba. Wasu yaran a asibiti suke ɗaukar ciwon. An kawo yaro saboda gudawa, ko tamowa, ko ana shirin yi masa aikin zuciya, ya kwana biyar yana samun sauƙi, sai ya fara tari da haki. Idan ka duba, gadon da ke jikin nasa jariri ne mai RSV. Ƙwayar takan ɗauki kwana 4 zuwa 6 kafin ta bayyana, don haka wani ma sai an sallame shi, ya dawo mako mai zuwa a rubuta shi a matsayin sabon majinyaci, babu wanda ya haɗa zancen biyu.

An daɗe da sanin yadda take tafiya. A 1981 Dakta Caroline Hall da abokin aikinta suka buga wani gwaji da suka yi a Amurka. Sun kasa masu sa kai gida uku. Wasu suka ɗauki jarirai masu RSV suka rungume su. Wasu suka shiga ɗakin bayan an fitar da jaririn, suka taɓa gado da kayan wasa, sannan suka taɓa idonsu ko hancinsu. Wasu kuma suka zauna a ɗakin nesa da gadon, fiye da ƙafa shida, ba su taɓa komai ba. A cikin masu runguma 7, mutum 5 suka kamu. A cikin masu taɓa kaya 10, mutum 4 suka kamu. A cikin masu zama nesa 14, babu ko ɗaya. Hannu ne babbar hanyarta, da kusanci, da ƙarfen gado da za ta iya kwashe sa'o'i a kansa da ranta. Ku bi hannun ma'aikaci ɗaya a zagayen safe: ya goge hancin wannan, ya gyara wa wancan tiyo, ya ɗora abin sauraron ƙirji a kan na uku, ya ɗaga na huɗu a kan sikelin da aka sauke na farko daga kai. Idan famfon ɗakin ba ya kawo ruwa, kwalbar man tsaftace hannu kuma babu komai a ciki tun shekaranjiya, to wa'azin wanke hannu da aka manna a bango ba zai hana komai ba. Man tsaftace hannu mai sinadarin giya yana kashe RSV da infuluwenza sosai, amma adinobairos ta fi taurin kai, don haka ruwa da sabulu da maganin goge kaya ba su da madadi.

Ba sai kun gina sabon ɗaki ba. A haɗa masu tari da haki a ɓangare ɗaya, da nas ɗinsu da na'urar awonsu da ma'aunin zafinsu, a nisanta su da bakwaini da masu ciwon zuciya da masu tamowa. A bar tazarar aƙalla mita ɗaya tsakanin gadaje, a buɗe tagogi iska ta ratsa. A daina kwantar da jarirai biyu a gado ɗaya idan ɗayansu yana tari. Na san ana yin hakan ne don babu yadda za a yi, amma ai samar da yadda za a yi shi ne aikinku. Ku sani kuma jariri yana iya ci gaba da fitar da ƙwayar har mako huɗu, ko da ya warware.

Mu ma'aikata ma muna cikin masu yaɗa ta, kuma tsarinku ne yake tura mu. Nas ta tashi da mura, ta san idan ba ta zo ba babu wanda zai karɓe ta, wataƙila ma a rubuta mata takardar tuhuma. Sai ta zo, tana jan hanci, ta shiga ɗakin jarirai. Ku ba da damar a mayar da irinta wani sashe na 'yan kwanaki, ku samar da takunkumi, ku yi wa ma'aikatan ɗakin yara rigakafin infuluwenza duk shekara. Masu zuwa dubiya da mura, da yayyen majinyaci ƙanana, a dakatar da su a ƙofa cikin mutunci, a yi musu bayanin dalili.

Waɗannan cututtuka kuma suna da lokacinsu. A ƙasashe masu sanyi da hunturu suke zuwa, a masu zafi sau da yawa da damina. Rajistar ɗakin yaranku ta shekarun baya za ta nuna muku watannin da gadaje ke cika, in dai za a zauna a duba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duniya ta ga misali bayan korona: a 2020 RSV ta kusan ɓacewa saboda kulle da takunkumi da wanke hannu, ta dawo a 2021 ba a kan lokacinta ba, sannan a ƙarshen 2022 ta cika ɗakunan yara maƙil har a manyan asibitocin Amurka da Turai.

Akwai labari mai daɗi, bayan doguwar jira. Rigakafin farko da aka gwada a shekarun 1960 ya zo da masifa: yaran da aka yi wa sun fi shan wuya da suka kamu, biyu suka rasu, abin ya ja aikin baya shekaru da dama. Yanzu akwai hanyoyi biyu. Akwai allurar nirsevimab da ake yi wa jariri sau ɗaya ta kare shi tsawon watanni, wadda Tarayyar Turai ta amince da ita a 2022, Amurka a 2023. Akwai kuma rigakafin da ake yi wa mai juna biyu a watanni ukun ƙarshe, garkuwar ta ratsa mahaifa zuwa ga ɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci dukkan ƙasashe a 2025 su ɗauki ɗaya daga cikin biyun. Sai dai inda yaran suka fi mutuwa, can ne allurar ta fi jinkirin isa. Ba ku ne za ku sayo ta ba, amma muryarku tana da nauyi wajen masu yanke shawara, kuma abin da za su nema a wurinku shi ne alƙaluma: jarirai nawa aka kwantar, a wane wata, nawa suka bukaci oksijin, nawa suka rasu. Asibitin da ba ya rubuta wannan ba shi da abin da zai kai teburin.

Saura uwa mai jinya, wadda ita ce ke kan yaron sa'o'in da mu ba ma nan. A ba ta wurin zama kusa da gado, a taimaka mata ta tatsi nono idan yaron ya kasa tsotso. Kafin sallama a nuna mata yadda ake ƙirga numfashi na minti guda: 60 ko fiye ga ɗan ƙasa da wata biyu, 50 ga ɗan wata biyu zuwa shekara, 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, duk sauri ne. A gaya mata tari zai iya kai mako biyu ko uku ba tare da wata matsala ba, amma idan ƙirji ya loɓa, ko yaro ya ƙi nono, ko jikinsa ya saki, ta dawo ko da tsakar dare ne. Wannan bayani minti biyar ne, amma nas ɗin da aka bar wa ɗaki ita kaɗai ba ta da minti biyar ɗin.

Roƙona na ƙarshe, ranku ya daɗe: kafin zaman kasafinku na gaba, kowannenku ya shiga ɗakin yaran asibitinsa da dare, ba tare da sanarwa ba. Ku murɗa famfo. Ku ce a maƙala wa ƙaramin jaririn da ke ɗakin na'urar awo a gabanku. Ku tambayi nas ɗin da ke aiki gadaje nawa ne a hannunta, da abin da za ta yi idan wuta ta ɗauke yanzu. Amsar da kuka samu ku tafi da ita wurin zaman.

Allah ya ba yaranmu lafiya, ya yi muku jagora. Wassalam.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya a ɗakin yara